Ambulan Ɗin da Ban Buɗe Ba Sai Yau

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Malama Bilkisu ta rasu. Da safiyar nan labarin ya iske ni, ina tsaye a madafa da ludayin koko a hannu.

Tun ɗazu kuke ta kira ban ɗauka ba, ku yi mini haƙuri. Ga masu tambayar gida: Baban Nafisa lafiya lau, sai tarin nan da ya ƙi rabuwa da shi, ya ma tafi aiki Saint-Fons. Auta Sa'a lafiya, tana lakkol, wato makaranta. Inna a Maraɗi mun yi waya jiya, ƙafar ta yi sauƙi. Ni jinina ya hau, na sha magani.

Nafisa ce ban san halin da take ciki ba.

Ita ce 'yata ta fari, wadda ke karatun digirin dakta a Paris a hannun Malama. Ita ta turo mini saƙon, layi uku kacal:

"Mama, Malama ta cika da asuba. Maganarki ta tabbata. Na bar karatun."

Daga nan wayarta a kashe. Na kira, na sake kira, har yatsana ya gaji.

Zan gaya muku wace magana ce na yi. Amma sai kun fara sanin wace ce Malama a wurina.

Kun saba murya nake turo muku a wannan zaure namu na waya. Yau rubutawa nake, harafi bayan harafi, ko da zai ci mini yini guda. Wadda ta koya mini riƙe fensir ta fi ƙarfin in yi mata ta'aziyya da baki.

Shekara goma sha biyar ke nan da haɗuwarmu. Lokacin ina aikin shara a ofisoshin malaman jami'a a nan Lyon. Da sassafe muke shiga, kafin masu ofis su zo. Wata safiya ina goge ƙasa, sai na ji murya daga bayan wata ƙofa, da Hausa tsantsa:

"Kai, wannan bawan Allah da ƙarya yake!"

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba, ko sallama ban yi ba. Na ce, "Wane ne, baiwar Allah?"

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau. Ta ce, "Wani jakada ne. Ya yi shekara ɗari huɗu a kabari, amma har yau bai daina ba ni haushi ba. Shigo mana. Ke 'yar ina ce?"

Na ce Maraɗi. Ta ce ita Zariya. Ta ture takardu daga kan kujera ta ce in zauna. Tunda na fara aikin nan babu wanda ya taɓa ce mini in zauna.

A hankali na gane abin da take bincike. A Ingila ta da can, bayan injin buga takardu ya yaɗu, akan buga wasu 'yan takardu masu araha, wata shafi ɗaya, wata 'yan shafuka, ana yawo da su a titi ana sayarwa kamar ƙosai. Labarin yaƙi, labarin auren sarakuna, waƙar zambo. Jakadun ƙasashen waje da ke zaune a London sukan aika a sayo musu, su ninke, su cusa cikin wasiƙar da za su aika wa sarkinsu. Wani ya tafi fada ya kai ƙara wai an zagi ubangidansa. Wani kuma a ɓoye shi ne ma yake sa a buga. Malama ta ce wasu takardun sun ɓace a Ingilar, amma suna nan a ninke cikin wasiƙun jakadu, a ɗakunan ajiye tsofaffin takardu na Faransa. Abin da ya kawo 'yar Zariya ƙasar nan ke nan.

Wata rana ta miƙo mini wata takarda ta ce in duba. Na riƙe, na jujjuya ta. Can na ce, "Malama, ni ban yi lakkol ba. Ban iya karatu ba."

Sai ta ce, "Alhamdu lillahi!"

Wallahi raina ya ɓaci. Ban taɓa ganin wanda aka gaya wa abin kunya ya yi hamdala ba. Na ɗauki bokitina zan fita. Ta riƙo hannuna.

"Yaya Zuwaira, tsaya ki ji. Mutanen da aka buga wa takardun nan, da yawansu ba su iya karatu ba. Mutum ɗaya ke karantawa da ƙarfi a kasuwa, sauran su ɗauka da kunne su kai gida. Ni idona ya riga ya lalata mini kunne. Ina so in san me ke saura a kan mutum bayan ya ji sau ɗaya. Ki ara mini kunnenki."

Haka muka fara.

Duk ranar Alhamis da la'asar takan hau bas ta zo gidana a unguwar Minguettes, hawa na tara. Ta riga ta mayar da takarda ɗaya Hausa. Ta tsaya a tsakiyar ɗaki ta karanta da ƙarfi, sau ɗaya tak. In na ce ta maimaita, ta ce, "A kasuwa wa zai maimaita miki?" Sai wani mako ta dawo ta tambaye ni me na riƙe. Duk abin da na faɗa ta rubuta a wani ɗan kati, ta sa a kwalin takalmi. Ba ta yarda da kwamfuta ita kaɗai ba. Ta ce kati ba ya cewa caji ya ƙare.

Akwai ranar da ba zan manta ba. Ta karanta mini wata takarda a kan yadda mutanen gari suka jefi keken dokin wani jakada da taɓo. Ta ce wannan karon in ba wani labarin, mu ga inda zai kai. Na ba maƙwabciyata Hajiya Ai muna jiran asansar, injin hawa bene. Na manta ban ce mata abu ne na shekara ɗari huɗu ba.

Kwana uku bayan haka Baban Nafisa ya dawo daga aiki, ko takalmi bai cire ba ya ce, "Zuwaira, kin ji abin da aka yi wa wani jakada a London? An ce an farfasa masa mota da duwatsu, yana asibiti rai a hannun Allah."

Na ce, "Wa ya gaya maka?"

Ya ce, "Malam Abdu. Shi kuma daga Damagaram aka kira matarsa aka gaya mata."

Labarin ya sauka hawa tara, ya je Nijar, ya dawo. Keken doki ya zama mota, taɓo ya zama duwatsu.

Da na ba Malama labari ta yi dariya har ta zauna a ƙasa, hawaye na zuba. Sai kuma ta jawo kati. Ta ce, "Abin da na shekara biyar ina nema a laburare, ashe yana hawa na tara. Shi ya sa jakadun nan suke tsoron takardar kwabo. Ba takardar suke tsoro ba. Ku suke tsoro."

Daga ranar nan duk sanda ta ga maigidana sai ta ce, "Yallaɓai, yaya jikin jakada?" Shi kuma ya ce, "Malama, ki ji tsoron Allah, ki bar maganar nan ta mutu."

Wata Alhamis ta iske Nafisa, lokacin tana 'yar shekara goma sha huɗu, tana karanta mini takardar da likita ya aiko. Irin takardar da bai kamata yarinya ta karanta wa uwarta ba. Malama ta sha shayinta ta tafi.

Da mako ya zagayo ba ta zo da takardar Ingila ba. Kaye ta kawo, littafin rubutu sabo fil, da fensir biyu.

Ta ce, "Kin san fa kayan aikina zan lalata da hannuna. Ranar da kika iya karatu, kunnenki ya daina yi mini amfani."

Na ce, "To ki bar ni haka mana."

Ta ce, "Allah Ya kiyaye. Ingila ta jira."

Ina da shekara arba'in da ɗaya ranar da na rubuta sunana.

Ba ta taɓa gyara mini da jan biro ba. Ta ce ja na yara ne, ni yayarta ce.

Ba ta taɓa yi mini karatu a gaban 'ya'yana ba sai ta fara neman izinina.

Ranar da na karanta sunan tashar bas da kaina, na kira ta ina kuka a bakin titi. Tana tsakiyar taro ta fito ta ɗauka. Ta ce, "Karanta mini ta gaba ma." Na bi tasha uku a ƙafa ina karanta mata.

Da mahaifina ya rasu ban samu zuwa gida ba, ta yi kwana uku a ɗakina. Ita ke dafa abinci, ita ke karɓar masu gaisuwa. Tuwon nata bai yi daɗi ba, na gaya mata, ta ce, "Ku mutanen Maraɗi ko a zaman makoki sai kun yi sharhi."

Duk wannan zaman da muke yi, Nafisa na gefe tana aikin lakkol. Ashe ba aikin take yi ba, saurare take. Da Malama ta koma Paris da aiki, Nafisa ta gama jami'a a nan, ta bi ta. Ita nata binciken a kan masu ji ne, waɗanda ba su iya karatu ba, da yadda maganarsu take kaiwa kunnen jakadu.

A nan damuwata ta fara.

Ku iyaye kun san abin da nake nufi. 'Ya'yan maƙwabta wannan tana aikin jinya, waccan tana farmasi, suna da aiki tsayayye. Tawa tana ɗan ɗaki a Paris da ba ya ɗaukar tabarma biyu, tana bin wasiƙun mutanen da suka mutu tun kafin a haifi kakan kakana. Shekararta ashirin da tara. Duk zuwan da za ta yi gida sai na ga ta ƙara ramewa. In an tambaye ni a wurin suna me 'yarki take yi, sai in rasa ta inda zan fara. Ni na san daɗin aikin, da kunnena aka fara shi. Amma daɗi daban, rayuwa daban. Haka zuciyata take gaya mini.

Wata biyu da suka wuce na shirya na tafi Paris, ranar Asabar. Haɗuwarmu ta ƙarshe ke nan.

Malama ta buɗe mini ƙofa sanye da rigar sanyi, alhali rana ake yi. Ta rame ƙwarai. Na ce, "Malama, azumin nafila kike yi haka?" Ta ce, "Tsufa ne, Yaya. Ke da ba ki tsufa ba za ki gane ba." Ta zuba mana shayi. Nata ya huce a gabanta ba ta taɓa ba.

Na gani da idona. Amma abin da ya kawo ni ya cika mini kai, ban tsaya na tambaya da kyau ba. Ashe ta daɗe da ciwon, ta hana a gaya wa kowa.

Kwalayen takalmin nan suna jere a bango tun daga ƙasa har kusan rufi.

Nafisa, da na tarar a can, ta sauka sayo burodi. Ina jin ƙofa ta rufe na ce, "Malama, alfarma na zo nema. Ki ce wa yarinyar nan ta bar karatun nan. Maganarki take ji, ba tawa ba. Ta dawo Lyon ta nemi aikin da mutum zai rayu da shi."

Ta ture kofinta gefe.

Ta ce, "Yaya Zuwaira, duk abin da kika roƙe ni zan yi, ban da wannan. Saura mata 'yan watanni ta gama. Kuma abin da ta gano ni ban gano shi ba."

Na ce, "Ke kina da ofis, kina da suna. Ita me take da shi?"

Ta ce, "Tsoronki gaskiya ne, ba zan ce miki ƙarya ba ne. Hanyar da wuya. Ke uwa ce, in kin ga dama ki gaya mata da bakinki. Abu ɗaya nake roƙo."

Ta tashi da ƙyar, ta ɗauko wani ambulan a kan tebur.

"Shafi ɗaya ne daga aikinta. Na mayar miki da shi Hausa, na rubuta da manyan haruffa irin waɗanda muka fara da su. Ki karanta shi tukun, sannan ki yi mata magana. Kin yi alkawari?"

Na ce na yi.

Na jefa shi a jaka. Da za mu rabu ta raka ni bakin ƙofa kawai, ta ce matakalar ta fi ƙarfinta yau. Ta ce, "Ki gaida mini jakada." Maganarta ta ƙarshe gare ni ke nan.

Nafisa ta raka ni tashar jirgin ƙasa. Ambulan yana cikin jaka, ban buɗe ba. Na ce a raina shafi guda zai ci mini awa, jirgi kuma ba ya jira. Muna tsaye cikin mutane na juyo na ce mata:

"Nafisa, wannan aikin naki na matattu ne. Inuwar Malama kike ci. Ranar da babu Malama, wa zai dube ki?"

Ta ɗora mini jakata a jirgi, ta gyara mini mayafi, ta ce, "Allah Ya kai ki lafiya, Mama."

Wannan ce maganar da ta ce ta tabbata.

Ni ban san Malama na kan hanya ba. Allah Shi ne shaidata. Amma Nafisa ta sani, domin ita ke kai ta asibiti. Ta tsaya a gabana da wannan nauyi a ƙirji, na ɗora mata wani.

Yau da safe, bayan saƙonta, na zazzage jakar nan a kan gado. Ambulan ɗin yana nan a ƙasa, ya lanƙwashe. Na zauna na karanta. Awa guda ya ci mini, kamar yadda na zata. Awa guda tak, jama'a. Wata biyu ina da ita.

Ba zan kwafe muku duka ba. Nafisa ta rubuta cewa an daɗe ana ɗaukar waɗanda ba su iya karatu ba kamar suna bayan ƙofa, labarin duniya na wucewa ba su sani ba. Ta ce ba haka ba ne. Mai wanki da mai dafa abinci a gidan jakada su ke shigo masa da abin da gari ke faɗa, shi kuma ya zauna ya rubuta wa sarki. Sai ta rufe da wannan:

"Ban koyi haka a laburare ba. A ɗakin irin wannan mata na tashi. Kafin ta iya rubuta sunanta, ta taɓa aika labari daga hawa na tara ya ƙetare hamada ya dawo cikin kwana uku."

A ƙasa Malama ta ƙara layi ɗaya da fensir: "Yaya, kin ga ba na matattu ba ne."

Ban faɗi kalmar nan a gabanta ba. Ta san ni ne kawai.

Ɗazu yayan Malama, Alhaji Sani, ya kira ni. Ya iso daga Zariya tun makon jiya. Ya ce ranar Alhamis za a yi mata salla a Paris, sannan a wuce da ita gida. Ranar Asabar zai mayar da makullin ɗakinta ga mai gida. Ya ce, "Hajiya, kwalayen nan duka ta rubuta sunan 'yarki a jiki, ɗaya bayan ɗaya. Ta kuma yi magana da wata abokiyar aikinta da za ta ci gaba da duba mata karatun. Amma yarinyar ta fita daga asibiti ba ta ce mini komai ba. Ni ba zan iya ɗaukar su a jirgi ba, ba ni kuma da inda zan ajiye. In ba ta zo ba, ban san yadda zan yi da su ba."

Cikin kwalayen nan akwai aikin Malama na shekara da shekaru. Akwai Alhamis ɗina duka.

Nafisa.

A cikin mutane na faɗa miki maganar, shi ya sa a cikin mutane nake janye ta. Na yi kuskure. Na karya alkawarin da na yi wa Malama, na yanke hukunci a kan abin da ban karanta ba. Ni na jefa miki tambayar a tasha, ni kuma ga amsa: ranar da babu Malama, ni zan dube ki. Ban san ko za ki samu aiki ba, har yanzu ina tsoro, ba zan ɓoye miki ba. Amma kada ki bar shi saboda bakina. In za ki bari, ki bari don kanki, bayan kin huce.

Zan hau jirgin safe ranar Alhamis. Babanki ya nemi hutun Asabar, ya ce shi zai sauko da kwalayen, da tarinsa da komai. Za mu share musu wuri a ɗakin da aka fara su, har ki shirya.

'Yan uwa na Paris, musamman ku ɗalibai abokanta, ga roƙona. Ta kashe waya, ba za ta ga wannan ba. Wanda ya san inda take, don Allah ya je. Kada ku tura mata. Ku tsaya a gabanta ku karanta mata da ƙarfi, sau ɗaya, yadda Malama take yi mini. Ta san abin da ke saura a kan mutum bayan ya ji da kunne. Ita ta rubuta littafinsa.

Ya Allah, Ka ji ƙan baiwarKa Bilkisu. Ta iske ni da tsumma a hannu, ta bar ni da fensir. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka ba ta littafinta a hannun dama. Duk harafin da na karanta na alheri har in mutu, Ka kai mata ladansa. Ka ba Alhaji Sani da dukan dangi haƙuri. Ka sanyaya zuciyar 'yata.

Duk wanda ya karanta wannan, ya yi mata addu'a ko da sau ɗaya ne. Wanda bai iya karatu ba, a karanta masa, shi ma ya sa baki.

Kuma wanda ya samu Nafisa, ya amsa mini a nan kafin daren Laraba. Ko kalma ɗaya ce daga bakinta, ku rubuto mini. Zan iya karantawa.